Wa Ya Kai Ƙarar Will Barrent? Fashin Baƙi kan Kurkukun Omega

A shekarar 1960 wani marubucin Amurka, Robert Sheckley, ya fitar da ɗan littafi mai suna The Status Civilization. Mujallar Amazing ce ta fara buga shi kashi biyu, a watannin Agusta da Satumba na shekarar, da sunan Omega. Ƙagaggen labarin kimiyya ne, mai kumbo da mutum-mutumi da wata duniya can nesa da tamu, kuma wanda ya karanta shi a gurguje zai ɗauka gudu ne da harbi kawai daga farko har ƙarshe. Akwai gudun, akwai harbin. Amma duk ginin littafin a kan tambaya ɗaya yake zaune: wa ya kai ƙarar Will Barrent? Ba a iya warware littafin sai an amsa ta, don haka wanda bai karanta ba ya sani zan faɗi ƙarshen labarin.

Mutum ne ya farka a wani ɗan ɗaki, bai san inda yake ba, bai san sunansa ba. Yana jin magana, ya san sunan gado da ƙofa, amma game da kansa babu komai a kansa. Lamba kawai ake kiransa da ita, 402. Sai da aka tara su a wani zaure aka sanar da su cewa cikin kumbo suke, dukkansu masu laifi ne, an yanke musu hukunci a Duniyarmu, an shafe musu tunanin rayuwarsu ta baya, kuma ana gab da sauke su a duniyar Omega, inda babu dawowa. Daga nan aka karanta wa kowa sunansa da laifinsa. Shi aka ce masa Will Barrent, shekara 27, kisan kai.

Abu na farko da ya kamata a fahimta shi ne yadda aka tsare wannan kurkuku. Babu katanga, babu gandiroba a ƙasa. Jiragen sintiri ne ke kewaya sararin duniyar dare da rana, duk abin da ya tashi sama ya wuce ƙafa 500 sai su ƙone shi. Ƙasa da haka kuwa, fursunoni su yi abin da suka ga dama. Birni ɗaya ne a duniyar, Tetrahyde, yanayinsa na iya juyawa daga sanyi mai daskarar da mutum zuwa zafi mai gasa shi cikin dare guda. Wanda aka sauke a can, a matsakaicin lissafi, shekara uku yake yi kafin ya mutu. Hukumar da ta kawo su ba ta kashe kowa da hannunta ba. Ta dai ajiye su inda mutuwa ba ta da nisa, ta juya baya.

Mai karatu zai zaci inda aka zuba masu laifi zalla babu mai tsaro, kowa zai zama gaban kansa. Sheckley ya nuna akasin haka, kuma nan basirarsa take. Omega ta fi ko'ina yawan doka. Mutane hawa-hawa suke: sabon zuwa bara ne, ba shi da haƙƙin komai; sama da shi akwai mazauni, sai 'yantaccen ɗan gari, sai masu gata a can ƙoli, kowane hawa da yadda na ƙasa zai yi masa magana. Zaman kashin dankali ne sosai, na sama ya danne na ƙasa. Dokokin kuma da gangan ake ɓoye su. Tsofaffin zuwa sun san su, sababbi ba sa sani sai sun taka, ta haka mulki ke dawwama a hannun waɗanda suka riga sauka.

Ranar farko ta isa misali. Mai kula da barikinsu ya ce su fita su ga gari, bai gaya musu ranar sauka ranar farauta ce ba, ranar da masu gata ke da izinin harbe duk sabon baran da suka samu a titi. Mutum uku suka tare Barrent. Ya ruga, ƙofofi duk a rufe, har ya hango wani ofis da allo mai cewa ƙungiyar kare waɗanda ake farauta. Ya faɗa ciki yana haki. Jami'in ya yi masa bayani cikin ladabi cewa aikinsu ba ceton rai ba ne, aikinsu shi ne tabbatar da an kashe mutum bisa ƙa'ida. Wata mace da ke zaune a wurin ce ta miƙa masa bindiga. Ya fita, ya riga maharbin danna kunama, ya kashe shi. Nan take dokar da ta halatta jininsa ta juyo ta rungume shi: aka ɗaga shi daga bara zuwa 'yantaccen ɗan gari, aka ba shi shagon sayar da makarin guba, sana'a mai ciniki a garin da sa wa maƙwabci guba abu ne na yau da kullum.

Ga ƙa'idar Omega ke nan a fili. Doka tana da tsanani, amma hanyar hawa ɗaya ce, ka karya ta ka tsira. Wanda ya karya aka kama shi ya faɗi, mutuwa. Wanda ya karya ya sha, ƙarin girma. Addinin hukuma bautar Sharri ne, da limamansa da wa'azinsa, zuwa kuma tilas. Shan ƙwaya ma tilas ne, domin hukuma na cin haraji daga gare shi, kuma mutumin da ke cikin maye ba ya tayar da ƙayar baya. Da Barrent ya ƙi zama ɗan ƙwaya, kotu aka kai shi. A lura da wannan da kyau: mutumin da aka yi wa tukuici don ya yi kisa, shi ne aka gurfanar don ya ƙi maye. Hukuncinsa shi ne a rufe shi a fili da wata na'urar kisa, jama'a na kallo. Ya tsira, aka sake ɗaga shi. Daga baya aka sa shi cikin waɗanda gari duka zai farauta, ya tsira. Aka jefa shi dandalin faɗa da namun daji, nan ma ya tsira. Ba wanda ya taɓa zarginsa da mugunta. Abin da Omega ta kasa yafe masa shi ne ba ya yin abin da kowa ke yi.

Akwai wurin da mai karatu Musulmi zai yi tuntuɓe. Manyan garin nan, masu farautar mutane, Sheckley ya sa musu laƙabin Hadji. Babu aikin Hajji ko Musulunci a labarin. Aro ne kawai ya yi, kamar yadda ya aro wani laƙabin daga tsohuwar daular Rum ya ba masu kula da bariki. Rashin kula ne da nauyin da sunan ke da shi a wurin masu shi, bai kuma ƙara wa littafin komai ba.

Tunanin kurkukun da nisa ne katangarsa ba daga kan Sheckley ya fara ba, daga tarihi ya zo. A watan Mayu na 1787 jiragen ruwa 11 suka tashi daga Ingila ɗauke da fursunoni, suka isa gaɓar Ostiraliya a watan Janairun 1788 bayan tafiyar kusan wata takwas. Daga lokacin zuwa 1868 Birtaniya ta kwashe fursunoni kimanin 162,000 zuwa can. Teku ce ke gadi, kuma saboda ƙarancin ma'aikata sau da yawa fursuna ne ake naɗawa ya sa ido kan fursuna. Faransa ta buɗe nata sansanin a Giyana, a Kudancin Amurka, a 1852, fursunonin ƙarshe ba su bar wurin ba sai 1953. Dokar 1854 ta tanadi cewa wanda aka ɗaure ƙasa da shekara takwas, in ya gama, sai ya ƙara zama a Giyana daidai tsawon ɗaurinsa; wanda aka ɗaure shekara takwas ko fiye, ba zai koma gida ba har abada. Zazzaɓi da yunwa da aikin ƙarfi suka cinye dubbai. A wani tsibiri na wannan sansani aka tsare Alfred Dreyfus, hafsan sojan Faransa, daga 1895 zuwa 1899, bisa cin amanar ƙasar da bai yi ba. Manufar irin wannan hukunci ba gyaran mai laifi ba ce. Manufarsa kada na gida su sake ganinsa.

Abin da Sheckley ya ƙara a kan tarihi shi ne shafe tunani, kuma a ganina nan ne littafin ya fi nauyi. A duba abin da hukunci yake nufi a wurin mutane. Ana hukunta mai laifi don ya ɗanɗani sakamakon abin da ya aikata, don wasu su ji tsoro, don shi kansa ya yi nadama ya gyaru. To mutumin da bai san abin da ya yi ba, nadamar me zai yi? Tuba sai da sanin laifi. Wanda ba ya tuna fuskar wanda ya zalunta ba zai nemi yafiyarsa ba. Haka kuma ba zai iya kare kansa ba: ba shi da shaida, ba zai ce ranar ina wuri kaza ba, ba zai ɗaukaka ƙara ba. An raba shi da hanyar tuba, an raba shi da hanyar wanke kai, an bar masa kalma ɗaya tak da aka karanta masa a cikin kumbo.

Mutumin da ba shi da komai sai kalma ɗaya, riƙe ta yake yi. Wanda aka ce masa ɓarawo ne ya ɗauki sata sana'a, wanda aka ce masa mai kisa ne ya ga ai shi babba ne, tunda a Omega kisa ne laifin da ya fi daraja. Barrent kansa, da ya ga saurin hannunsa a kan bindiga a ranar farko, ya fara gaskata abin da aka faɗa masa, ya ce wa ransa hannun da ya iya wannan ba yau ya fara ba. Da ya sha ƙwayar mafarki sau ɗaya, sai ya ga kansa tsaye a kan gawa da bindiga a hannu, ya ga alƙali, ya ga wani mai tsegumi yana nuna shi da yatsa, amma fuskar mai tsegumin ta ƙi bayyana. Saboda haka muguntar Omega ba daga jinin mutanenta kaɗai ta fito ba. Hukumar da ta shafe musu komai ta bar musu sunan laifi ita ce ta rubuta musu abin da za su zama.

Duk da haka zuciyarsa ta ƙi kwanciya da kisa. Ya je unguwar waɗanda halittarsu ta sauya, waɗanda gari ya ware, wurin wata mata mai baiwar hango abin da ya wuce. Ta gaya masa ba shi ya kashe mamacin ba, wani ne, kuma wanin ma yana nan Omega. Daga nan wata ƙungiyar ɓoye ta jawo shi, ƙungiyar waɗanda aka koro saboda ra'ayi ba saboda zubar da jini ba, ciki har da matar da ta ba shi bindiga, Moera. Suka ɗora masa aikin ɓuya cikin kumbon fursunoni ya koma Duniyarmu, ya gano ko akwai masu adawa a can da za a haɗa kai da su.

Abin da ya fara gani a kumbon ya fi kowace dabbar Omega ban tsoro. Ya lallaɓa har ɗakin tuƙi yana shirin faɗa da matuƙa, ya tarar babu kowa. Na'ura ce ke tuƙa kanta, tana kai mutane kurkuku tana dawowa, ba mai ba ta umarni.

Duniyar da ya sauka a cikinta lafiya lau take a ido. Babu yaƙi, babu yunwa, babu ɗan sanda a titi. Ya yi shigar mai tattara ra'ayin jama'a yana bi yana yi wa mutane tambayoyi, amsoshinsu kuwa duk iri ɗaya. Kowa ya ce shi matsakaici ne, bambancin kawai ko matsakaicin sama ne, ko na tsakiya, ko na ƙasa. Masu aikin injuna ba su san yadda injunan ke aiki ba, sun dai gaje su. Ba a ƙirƙirar sabon abu. Yara kuma, ban da darasin da kowa ya sani, suna shiga wani rufaffen aji inda mutum-mutumi ke koyarwa, in sun fito ba mai tuna abin da aka koya masa, ba kuma mai yarda a yi zancen.

Shugaban 'yan sandan ciki, Dravivian, shi ya warware masa, kuma shi kaɗai ne ma'aikacin hukumar tasa, domin ba a buƙatar wani. A rufaffen ajin nan ake dasa wa kowane yaro ɗan sanda da alƙali a cikin ransa. Duk wanda ya ga alamar ya saɓa wa tsari, ƙafarsa za ta kai shi wurin mutum-mutumin da ke karɓar iƙirari, ya kai ƙarar kansa, a yanke masa hukunci, ya hau kumbo. Ga amsar tambayar ke nan. Barrent ya tsinci kansa a wurin da aka yi kisa, makami a hannunsa, alamu duk suna nuna shi. Na shiga ban ɗauka ba, ba ta fid da ɓarawo, kuma abin da aka dasa masa bai san bambancin zargi da laifi ba. Fuskar mai tsegumin da ta ƙi bayyana a mafarki, tasa ce. Bai yi kisa ba, ba wanda ya ƙulla masa sharri a gaban kotu, shi ya kai kansa.

Da wannan ne littafin ya haɗe rabinsa biyu. A Omega doka na tilasta sharri, a Duniyarmu tarbiyyar ɓoye na tilasta ladabi, amma abin da kowacce ke nema a wurin mutum ɗaya ne, ya zama kamar na kusa da shi. A wurare biyun ana ɓoye wa mutum dokar da ake mulkarsa da ita: can tsofaffin zuwa ke ɓoyewa, nan kuwa an ɓoye ta a cikin kansa inda ba zai iya dubawa ba. Ni na fi jin tsoron ta biyun. Mutumin Omega ya san a ɗaure yake, yana iya ɗaga kai ya san akwai jirage a sama. Na Duniyarmu yana ganin kansa 'yantacce, alhali ko tambayar da zai yi a kan halinsa an riga an toshe ta, domin darasin ƙarshe na rufaffen ajin shi ne duk wanda ya tuno abin da aka koya masa ya hallaka kansa. Faɗan ƙarshe na littafin a cikin kan Barrent aka yi shi, tsakanin mutumin da ajin ya gina da mutumin da Omega ta gina, na Omega ne kuma ya yi nasara.

Ba a rasa dalilin da ya sa Ba'amurke ya rubuta haka a 1960. Sheckley, wanda aka haifa a New York a 1928 ya rasu a 2005, ya yi aikin soja a Koriya kafin yaƙin ƙasar ya ɓarke. A 1950 ɗan jarida Edward Hunter ya yaɗa zancen wankin ƙwaƙwalwa, bayan yaƙin Koriya kuma fursunonin yaƙi 21 'yan Amurka suka ƙi komawa gida, abin da ya sa jama'a suka tsorata cewa ana iya sauya wa mutum tunani kamar riga. A shekarun nan ne Sanata Joseph McCarthy ke farautar waɗanda ake zargi da kwaminisanci, ana kiran mutane gaban kwamitocin majalisa su ambaci sunayen abokansu, wanda aka ambata ya rasa aiki ko da bai karya wata doka ba. A gefe guda ga arziki ya bunƙasa, unguwanni na tashi da gidaje iri ɗaya, masu nazarin al'umma na kukan cewa kowa ya koma auna kansa da maƙwabci. Shekara ɗaya kafin littafin, a 1959, Vance Packard ya fitar da The Status Seekers a kan wannan tseren neman matsayi. Mai karatun lokacin da ya ga duniyar da kowa ke cewa shi matsakaici ne, ya san unguwar da ake nufi.

Hujjar Sheckley ta ƙarshe ita ce al'ummar da ke korar duk wanda ya fita daban tana korar waɗanda za ta buƙata gobe. Tarihi ya ba shi gaskiya a wani wurin. Francis Greenway, mai zanen gine-gine da aka kama da laifin jabun takarda a Ingila, an kai shi Ostiraliya a 1814, shi ya zana wasu daga cikin gine-ginen birnin Sidni da ke tsaye har yau, kuma a 1966 aka sa hotonsa a takardar dala goma ta ƙasar. Dravivian ma abin da yake so ke nan, korarru su dawo su farfaɗo da duniyar da ta manta yadda ake tuƙa kumbonta.

Amma a nan nake rabuwa da littafin. Akwai wani tunani da marubutan wannan fanni suke so ƙwarai, cewa wuya na ƙera gwarzaye. Tom Godwin ya yi shi a 1958, inda mutum 4,000 da aka yasar a wata muguwar duniya suka haifi zuriyar da ta rama musu. Frank Herbert ya yi shi a 1965, inda sarki ke samo zaratan sojojinsa daga duniyar kurkuku. Sheckley ma ya jingina da shi, tunda horon Omega ne ya ceci Barrent. Giyana ba ta ƙera gwarzaye ba. Ta kashe mutane, waɗanda suka rage kuma da yawansu sun ƙare suna bara a titunan garin da aka hana su bari. Greenway da gwanintarsa ya sauka daga jirgi, ba ɗauri ne ya koya masa ba. In ana ba da labarin mutum ɗaya da ya tsallake na'urar kisa da farauta da dandali, sai a manta cewa lissafin shekara uku yana nufin kusan duk waɗanda aka sauke tare da shi sun mutu ba a ko ambaci sunansu ba.

Ƙarshen ma an yi shi da gaggawa. Moera, wadda ta ceci ransa tun ranar farko, ba a ba ta sarari ta zama cikakkiyar mutum ba. Sannan littafin ya tsaya ne daidai inda aikin ya fara wuya. Ƙungiyar ɓoyen 'yan tsiraru ce. Mafi yawan mutanen Tetrahyde sun saba da guba da farautar bara, dokar da suka sani kaɗai ita ce ka karya ka tsira, ga shi za su sauka cikin jama'ar da ba ta da soja, ba ta da ɗan sanda, ba ta ma iya cewa a'a. Cikinsu har da mutumin da ya yi kisan da Barrent ya ɗauki alhakinsa. Sheckley ya rufe littafin kafin kumbon farko ya taso daga Omega, bai nuna wanda zai zaɓi masu hawansa ba.